Muryar Dada Tana Cikin Laftof Ɗinka

Azare,
Laraba, cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da wannan doguwar takarda. Na san ba ka daɗe da isa wurin bautar ƙasarka ba, kana fama da baƙon gari da baƙon abinci da ɗaliban da ba ka gama riƙe sunayensu ba, ga shi kuma na ɗora maka karatun shafuka. Da abin da ke tafe da ni zai iya jira har ka zo hutu, da ban dame ka ba. Ina roƙon Allah Ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a inda kake, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan kowa lafiya. Labarin gida mahaifiyarka za ta ba ka a waya, ba shi ne aikin wannan takarda ba.

Ka san magana tsakanina da kai ba ta yin tsawo. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma gare ka, yadda aka rene ni kuwa bai ba ni damar zaunar da kai in yi ta bayani ba. Saboda haka saƙona ta bakin mahaifiyarka Hajiya yake bi. Wannan ma ya bi ta can, sai dai bai isa yadda nake so ba. Ita ce ta gaya mini cewa wani abokin aikinka ya ba ka faifan Linux, kuma ka ƙudura za ka yi wa laftof ɗin da na ba ka fomatin, ka sauke Windows ka ɗora shi, domin bairos ya dame ka. Na ce ta sake kiranka. Da ta ajiye wayar, ga yadda muka yi:

"Na ce masa ka ce kada ya taɓa kwamfutar," in ji ta. "Ya yi dariya, ya ce a gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, duk fayilolin da ke ciki zai kwafe su a filashi kafin ya yi komai."

Na ce, "Kin gaya masa ba fayilolin ne matsalar ba, manhajar da ke buɗe su ce?"

Ta ce, "Malam, ni na san wata manhaja? Kati yana ƙarewa, yaro yana gaya mini rabonsa da tuwo tun ranar da ya tafi, kai kuma kana tsaye a bakin ƙofa kana miƙo mini kalmomi. In kana da magana, rubuta masa."

Gaskiyarta. Ga shi na rubuta, kuma zan ba direban motar shanu da ke zuwa yankinku ya kawo maka hannu da hannu.

Bari in fara da gundarin maganar, domin ko ka gaji da sauran, wannan ya riga ya shiga. A cikin laftof ɗin akwai folda mai suna Dada. Muryar kakarka ce, Allah Ya ji ƙanta, wadda na ɗauka a shekarunta na ƙarshe. Manhaja ɗaya ce tak na sani da ke iya buɗe waɗannan fayiloli, kuma kwamfuta ɗaya ce tak na sani da ke ɗauke da wannan manhaja, ita ce wadda ke hannunka. Idan ka yi fomatin, fayilolin za su tsira a filashinka, amma babu abin da zai sa su yi magana.

Kada ka ɗauka ina neman karɓe kyauta. Na ba ka laftof ɗin a gaban ƙannenka, naka ne. Kada kuma ka ɗauka ina ƙin Linux. Ɗaya daga cikin kwamfutocin shago yanzu haka da shi take aiki, ita nake ba ɗaliban kwaleji su soka filashinsu, kuma tunda na ɗora mata shi ban sake kwana da fargabar bairos ba. Abin da nake so kawai shi ne in gaya maka wuraren da ni na yi tuntuɓe a wannan hanya, tunda na riga ka bin ta.

Ka san ban yi makarantar kwamfuta ba. Da tafireta na yi aikin ofis har na yi ritaya, sannan na buɗe shagon buga takardu a bakin kasuwa. Duk abin da na sani daga ƙananan ƙasidu na koya, irin waɗanda nake sayowa in na je Kano, in zauna da fensir ina ja wa layi. Sun amfane ni ƙwarai. Amma na fahimci wani abu game da su a makare: abin da ƙasida ta faɗa yawanci gaskiya ne, abin da ba ta faɗa ba shi ke kayar da mutum.

Kuskurena na farko a kan kwamfutar shago na yi shi. Bairos ya cinye mini aikin mutane har na rasa inda zan sa kaina, sai na karanta a wata ƙasida cewa akwai babbar manhaja ta kyauta wadda irin waɗannan ƙwayoyi ba sa kama ta. Na samo faifan, na kwafe takarduna, na share komai a yini ɗaya. Allon ya fito tsaf, na ji daɗi. Washegari na aika takarda ga firinta, firinta ta yi shiru. Na canza waya, na kashe na kunna, na duba tawada, shiru. Ashe kowace firinta tana da ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, kuma faifan da ya zo da tawa don Windows kaɗai aka yi shi.

Wannan bai isa ba. A makon ne Alhaji Modu, maƙwabcina mai shagon atamfa, yake aurar da 'yarsa, kuma na riga na tsara masa katin gayyata a tsohuwar manhajar zane, ya gani ya amince, saura bugawa. Fayil ɗin yana nan, na kwafe shi lafiya, amma babu abin da ke buɗe shi a sabon tsarin. Alhaji ya shigo ya same ni ina gumi. Ka san Babarbare in ya sami Bafillace a cikin matsala.

Ya ce, "Malam Buba, ina katin?"

Na ce, "Yana ciki, Alhaji."

"To fito da shi mana."

"Ba ya buɗuwa."

Ya juya ga mutanen da ke zaune a benci ya ce, "Jama'a, ku shaida. Na sha faɗa, wannan bawan Allah sanda ya kamata a bar masa. Saniya in ta ƙi tashi ya san inda zai taɓa ta. Wannan kuwa ko wutsiya ba ta da shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A wani shago na je na biya aka buga katin, kuma sai da aka raba wa mutanen nesa a makare. Alhaji bai riƙe ni a zuci ba, sai dai har yau bai daina ba da labarin ba.

Shawarar da ke cikin wannan ita ce: kafin ka sauya babbar manhaja, ka zauna ka tuna ayyukan da kake yi da kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ka yi sai jefi-jefi, ka tambayi kanka da me za ka yi kowanne bayan sauyin. Yawancin faifan Linux na yanzu suna barin mutum ya tayar da kwamfuta daga kan faifan ba tare da ya ɗora komai ba. Ka yi haka tukuna. Ka gwada firintar makarantarku, ka gwada wayar da kake haɗawa don shiga intanet, ka gwada sauti. Ka buɗe takardunka na gaske, ba sabuwar takarda ba, musamman tambayoyin jarrabawa masu jadawali da alamomin lissafi, domin irinsu ne kan watse idan aka buɗe su a wata manhaja. Kuma ka tuna shugaban makarantarku da sauran malamai Windows suke amfani da shi. Duk abin da za ka miƙa musu, ka adana shi a sigar da tasu kwamfutar ke karantawa, ka kuma buɗe shi a can ka gani da idonka kafin ranar da ake buƙatarsa.

Kuskure na biyu ya zo ne daga gyaran na farko. Na karanta cewa ana iya raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, Windows a ɗaya, Linux a ɗaya, mutum ya zaɓi wanda zai shiga idan ya kunna. Na yi hakan, firinta ta dawo, na ce na gama da matsala. Wata Jumma'a da safe na yi aiki a Linux, sannan na koma Windows don in buga wasu takardu. Ka san shagon ba taga, janareta kuma yana ruri a bakin ƙofa, ba a jin lasifikar masallaci. Agogon hannuna yana wurin mai gyara, don haka agogon da ke kusurwar allo nake kallo, yana nuna mini da sauran lokaci. Na gama a natse, na yi alwala, na ɗauki darduma na fito. Sai na ga mutane suna tahowa ta inda ni zan nufa, dardumarsu a kafaɗa, wasu har sun tsaya sayen rake. Alhaji Modu ne a gaba.

Ya ce, "Malam Buba, mu dai an idar da tamu. Ko ta Linux ɗin ba a tayar ba tukuna?"

Na juya da dardumata. Azahar na koma na yi ni kaɗai a shago. Daga baya na gano dalilin: tsarin biyu ba sa ajiye lokaci iri ɗaya a cikin na'urar. Linux yana ajiye shi bisa agogon duniya, Windows kuma yana karanta shi a matsayin agogon ƙasarmu, tsakaninsu kuwa awa ɗaya ne. Duk sanda na fito daga Linux na shiga Windows, sai agogo ya koma baya. Akwai gyaransa, abokinka zai sani. Amma a garin da kake, inda na ji masallaci yana da nisa kuma ba lallai ka ji kiran salla ba, ga azumi yana ƙaratowa, kada ka jingina sallarka ko buɗa-bakinka ga agogon kwamfutar da ke ɗauke da tsari biyu. Ka ɗaura na hannu. Kuma kada ka fara raba ma'ajiya sai wutar lantarki ta zauna daram, domin batirin laftof ɗin nan ba ya riƙe caji, in ya mutu a tsakiyar rabon, duka gidajen biyu za ka iya rasawa.

Yanzu ga na uku, wanda shi ne dalilin takardar.

Wani abokina ya kawo mini tsarabar ƙaramin rikoda daga aikin Hajji, bai fi kwalin ashana biyu ba, ba ya cin kaset. Tare da shi akwai faifan manhajar da ke kwashe sautin zuwa kwamfuta. A laftof ɗin na ɗora ta, domin shi nake ɗauka zuwa Giade wurin Dada. Ranar da na fara ajiye rikodan a gaban Dada, ta ɗaga shi ta jujjuya, ta ce da Fillanci, "Wannan ɗan abin ne zai riƙe maganata? Ai ko ludayi ya fi shi ciki." Sannan ta manta da shi ta yi ta magana. Ta lissafa kakanninmu da inda kowanne ya yi zango. Ta faɗi sunayen shanun mahaifinta bisa launinsu, da halin kowace. Ta rera waƙar da suke yi in suna kaɗa nono, muryarta tana yankewa tana komawa. A wani wurin ta tambayi ina mijinta, wato kai, ta ce ka tafi jami'a ka bar ta ba cefane, za ta kai ƙararka. Na yi ta zuwa ina ɗauka har rashin lafiya ya hana ta zama.

Bayan rasuwarta ban iya saurara ba. Na jefa rikodan a aljihun tebur da batir a ciki, batirin ya fashe ya cinye shi. Wannan ganganci ne, amma ban damu ba, tunda sautin yana kwamfuta. Sai kuma bara da kaka, Adda, wato goggonka ta Giade, ta aiko cewa tsuntsaye sun addabi geronta, ta ji ana ɗaura tsofaffin faifai a igiya, ƙyallinsu yana korar su. Na kwashi tarin faifan da na ga ba na amfani da su na aika mata. Faifan rikodan yana ciki, domin babu abin da na rubuta a kansa. Ya yi wata yana lilo a rana a gonar Adda. Da na je nema, na same shi bayansa ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Duk da haka hankalina a kwance yake, domin kafin in ba ka laftof ɗin na kwafe foldar Dada a faifai har biyu, na rubuta suna, na sa a leda, na ajiye a akwati. Abin da ban yi ba shi ne in gwada buɗe su a wata kwamfuta. Sai bayan tafiyarka na sa faifan a ta shago. Windows ya tambaye ni da me zai buɗe. Linux ma bai san su ba. Na gwada duk manhajar sauti da nake da ita. Na je shagon intanet na yini ina nema, amma rikodan ba shi da sunan kamfanin da na iya karantawa, rubutun jikinsa ya goge. Rikodan yana adana sauti ne a wata siga tasa shi kaɗai. Wato kuskuren da na yi a kan katin Alhaji Modu shi na maimaita, bayan na daɗe ina gargaɗin wasu a kansa. Ka riƙe wannan: kwafin da ba ka buɗe a wata na'ura ba, kada ka lissafa shi cikin abin da ka adana.

Na san abin da abokinka zai ce maka, domin ni ma an faɗa mini. Zai ce akwai wata manhaja a Linux mai aikin tafinta, wadda ke sa manhajojin Windows su yi aiki a cikinsa. Akwai ta, na gwada ta da manhajar zanena. Ta buɗe, na yi aiki har na fara murna, da na zo adanawa sai ta rufe da komai. Wasu manhajojin suna tafiya da ita lafiya, wasu rabi, wasu ko motsi. Ta rikodan kuwa ba mu da faifan da za a sake ɗora ta da shi, kuma kwafe foldarta kawai ba ya wadatarwa, domin lokacin ɗorawa tana dasa wasu sassanta a cikin Windows ɗin kansa. Na yarda yaron ya fi ni sani. Amma idan gwajinsa bai yi ba, shi ba abin da ya rasa.

Ga abin da za ka yi. Ka buɗe manhajar rikodan, alamarta tana kan allo, mai kama da makirfo. Ka duba ko tana da wurin juya sauti zuwa WAV ko MP3, waɗanda kowace kwamfuta ke karantawa. Ina zaton na taɓa ganin haka, amma ba zan rantse ba. Idan babu, ka nemi waya mai kai biyu, ka haɗa ramin abin saurare na laftof ɗin da wata kwamfuta ko rediyo mai kaset, ka kunna a nan ka ɗauka a can, fayil bayan fayil. Zai ci lokaci, domin sai ka zauna tsawon maganarta. Na san Fillancinka bai da ƙarfi, kuma laifina ne da ban yi maka shi a gida ba. Kada wannan ya sa ka yanke inda ba ka gane ba, ko inda ta yi shiru, ko inda take korar kaji. Ka bar komai yadda yake. Idan ka gama, ka saurari kowanne a wata kwamfuta dabam, ka kuma saurare shi daga kan faifan Linux ɗin. Kafin nan, ko da bairos ya tsananta, kada ka kai laftof ɗin wurin mai gyara, domin yawancinsu fomatin suke fara yi kafin su yi tambaya. Bayan haka ka ɗora abin da ka ga dama, da yardata.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne Adda. Da na je gaishe ta kwanakin baya, kafin in gwada faifan, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Buba, muryar nan tana nan?" Na ce, "Tana nan, Adda." Ta ce to da ƙaramar salla za ta zo Azare ta kwana biyu, a kunna mata, tunda idonta ya fara gazawa, hoto ba ya yi mata amfani. Ka san ba ta son hawa mota, rabonta da Azare tun sunan ƙanwarka. Na amsa mata da cikakken baki, ban san cewa gaskiyar amsar tana hannunka ba.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin dare da rana, Ya ba ka haƙurin zama da mutanen da ba ka saba da su ba, Ya sa ka gama lafiya ka dawo mana lafiya. Allah Ya yi maka albarka. Hajiya ta sa yaji da kuka da daddawa a cikin ƙunshin da zai zo da wannan takarda, ka duba kada direban ya manta da su a mota.

Motar za ta juyo bayan an sauke shanun. Ina roƙon ka ba direban amsa a rubuce, ba ta waya ba, kuma ba ta bakin mahaifiyarka ba, a kan waɗannan:

1. Shin manhajar rikodan tana buɗewa har yanzu, kuma ka ji muryar da kunnenka?

2. Shin tana da wurin juya sautin, ko sai an bi ta waya mai kai biyu? Idan akwai abin da za a saya, ka faɗa in aiko.

3. Yaushe kake ganin faifan da za ka kwafe muryar a kai zai iso Azare? Ka yi biyu, ka riƙe ɗaya a wurinka, ka rubuta suna a kan kowanne.

4. Idan kuwa takardar nan ta same ka ka riga ka yi fomatin, ka rubuta haka a layin farko, ba tare da kewaye-kewaye ba. Ba zan yi maka faɗa ba, domin ba ka sani ba. Ina so ne in je Giade da kaina in gaya wa Adda, kafin ta hau mota.

Ina jiran amsarka.

Mahaifinka.